Jar Kuɓewar Kaka Indo

A shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai, akwai wata yarinya a garin Gazawa. Tana zuwa lakol, wato makarantar boko, tana kuma taya innarta aikin gida. Ba ta da ƙiwuya. Aibinta ɗaya ne. In ta sa abu a gaba, ba ta ganin komai sai shi.

Babanta ɗan fatauci ne, ya fi zama a hanya. A gidan akwai innarta Salamatu, da Kaka Indo wadda ta haifi babanta, da ƙanen babanta, Baffa Barmo. Akwai kuma kyanwa mai suna 'Yar Toka. Ita kyanwar ba ta aikin komai. Ko ɓera ne ya wuce ta gabanta, sai ta ga dama take ɗaga kai.

Baffa Barmo tsohon soja ne. Ya yi wa Faransa aiki, ya ga ƙasashe masu nisa. Da ya dawo gida bai zo da dukiya ba. Ya zo da wata riga mai aljihu da yawa, da wani baƙin akwati wanda bai fi ƙwaryar fura girma ba. Akwatin ɗaukar hoto ne.

In ya fito da shi, tsofaffi sukan juya baya, yara kuwa su taru. Yarinyar nan ta fi kowa matsowa. Kullum tana biye da shi, a koya mata, a koya mata. Da ta ishe shi, sai ya zaunar da ita a tabarma ya nuna mata.

Ya ce ta manna akwatin a cikinta, ta sunkuyar da kai, ta leƙa 'yar tagar gilashin da ke samansa. Ta leƙa. Sai ga tsakar gidansu a ciki, ƙarama ƙwarai, har da turmi da kaji. Ya ce in ta ga abin da take so, ta riƙe numfashi, ta danna maɓallin da ke gefe. Ta danna, ya yi 'yar ƙara.

"Ina hoton, Baffa?" in ji ta.

Baffa ya yi dariya. Ya gaya mata sai an sa wani naɗaɗɗen abu mai suna fim a ciki, shi ne yake kama hoto. Fim kuwa sai a Maraɗi, kuma ba kullum ake samu ba. Yanzu akwatin fanko ne.

"To, mi amfanin akwatin da ba komai cikinshi?"

"Hannunki nike so shi koya," in ji Baffa. "Hannu mai rawa ɓarnar fim kawai yake yi. Ki yi ta gwadawa. Amma ki riƙe abu guda. Rana ta zauna a bayanki, haske ya sauka bisa abin da kike ɗauka."

Ta fara da innarta. Inna Salamatu tana cikin daka, yarinyar ta ce ta tsaya cak da taɓarya a sama. Inna ta ce ta ba ta wuri tun ranta bai ɓaci ba. Ta koma wurin Kaka Indo. Kaka ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita da ranta ba wanda zai saka ta a akwati. Kaka da jikar tata kullum cikin tsokanar juna suke. Kaka tana kiranta Mai Akwatin Banza, ita kuma tana kiran Kaka Mai Tsoron Gilashi.

Da ta ga mutane sun ƙi, sai ta koma ga waɗanda ba sa korar kowa. Kyanwa ke nan, da shuke-shuken garka.

Garkar tana bayan ɗakin Kaka Indo. 'Yar ƙarama ce. An kewaye ta da zana, an ɗaure zanar da igiyar rama a jikin itatuwan da aka kafa. A ciki akwai yakuwa, da barkono, da lalle, da kuɓewa. Kuɓewar iri biyu ce. Akwai koriya irin ta kowa, akwai kuma ja.

Jar kuɓewar nan ba a samunta a kasuwa. Jikinta ja ne, 'ya'yanta ja, miyarta kuma ta fi yauƙi. Mahaifiyar Kaka Indo ce ta zo da irin daga ƙasar Katsina, ƙulle a bakin zanenta, tun Kaka tana goye. Tun daga lokacin ba a taɓa fasa shuka ta ba. Amma bara tsutsa ta yi ɓarna a garin. Duk waɗanda Kaka ta taɓa ba irin, nasu ya ƙare. Bana gindi kaɗan ne suka tsira, kuma a garkar nan kaɗai.

Kaka ba ta tsinki ko ɗaya don miya ba. Ta bar 'ya'yan su bushe a jiki, su zama iri. Ta bar wasu korayen ma haka. Kowace safiya takan shiga ta taɓa ƙwanson, ta girgiza shi kusa da kunnenta. Ta ce saura kaɗan ta cire su.

Yarinyar ta ji daɗin garkar. Barkono ba ya motsi. Lalle ba ya cewa a ba shi wuri. Ta ɗauki yakuwa daga sama, ta ɗauke ta daga ƙasa. Hannunta ya fara daina rawa. 'Yar Toka ce kaɗai ta gagara. Da an nuna ta da akwati sai ta juya baya, ta kama lasar ƙafarta.

Wata Alhamis, ranar da ba a zuwa lakol, mai shela ya bi unguwa da safe. Ya ce mai gari ya gaida kowa, an gama kwashe hatsi da wake, yau za a saki dabbobi. Tun farkon damina awakin gari a ɗaure suke, don kada su shiga gonakin mutane. Haka ake yi kowace shekara. Ranar da aka sake su kuwa, duk mai garka sai ya duba zanarsa.

Kaka Indo ta duba tata. Ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, tana ja, tana ƙara ƙulli. Sannan ta tafi barkar haihuwa. Baffa Barmo ya tafi Gangara wurin wani abokinsa. Da la'asar Inna Salamatu ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Gida ya rage daga yarinyar sai kyanwa.

Ta ɗauki akwati ta shiga garka. Sai ga 'Yar Toka kwance a gindin jar kuɓewa, tana barci, ta ɗora kai bisa ƙafafunta. Abin da yarinyar ta daɗe tana nema ke nan. Ta leƙa gilashi. Amma wurin duhu ne. Rana ta karkata yamma, zanar yamma ta jefa inuwa a kan kuɓewar da kyanwar duka.

Ta tuna maganar Baffa. Rana a baya, haske a kan abin da ake ɗauka. Maganar mai shela kuwa ba ta ko faɗo mata a rai ba, ko da yake da kunnenta ta ji ta.

Ta ajiye akwati ta kama ƙullin igiya. Ƙullin Kaka ne, ba ya kwancuwa da sauƙi. Ta sa farce, ta sa haƙori. Da ƙyar ta kwance su. Ta kwantar da zanar yamma a ƙasa a hankali, don kada kyanwa ta farka.

Rana ta shigo. Jan jikin kuɓewar ya fito sosai, ya yi kyau. Yarinyar ta manna akwati a ciki, ta riƙe numfashi.

To, kyanwa inuwa ta zo nema. Da ta ji zafin rana a bayanta, sai ta buɗe ido ɗaya, ta miƙe, ta yi hamma, ta fita ta inda aka buɗe.

Yarinyar ta bi ta. Kyanwa ta shiga ƙarƙashin rumbu, ta bi ta. Ta fito ta hau katanga, ta bi ta. Ta sauka a bakin hanya. A nan yarinyar ta tarar da ƙawayenta suna wasa. Da suka ga akwati sai suka yanyame ta, kowacce tana so a ɗauke ta. Ta jera su. Ta ce wannan ta gyara ɗankwali, waccan ta daina dariya. Ta yi ta danna maɓalli tana jin kanta wata babba. Ba ta gaya musu akwatin fanko ne ba.

Awakin gari kuwa sun yi watanni a turke, suna cin abin da aka ga dama aka ba su. Da yamma suka juyo gida ta bayan unguwa. Suka ga garka a buɗe.

Sai da aka kusa kiran magariba yarinyar ta dawo. Ta tarar da innarta a bayan ɗaki da kara a hannu, tana korar akuya ta ƙarshe. Kaka Indo tana tsaye a tsakiyar garka. Babu yakuwa, babu barkono. Lallen ya koma tsinke. Kuɓewar duk an karya ta, an cinye ganye da ƙwanso, an tattake sauran cikin ƙasa.

Yarinyar ta tsaya a bakin garka. Ta ɓoye akwatin a bayanta.

Inna Salamatu tana ta faɗa. Ta ce ta gane wasu daga cikin awakin, na gidan Rabo maƙwabcinsu ne, kuma yanzu za ta je ta gaya musu awakinsu sun ture zanar mutane. Har ta gyara mayafi. Kaka kuwa ta matsa wurin zanar. Ta duƙa ta ɗauki igiya ɗaya, ta juya ta a hannu.

"Salamatu, tsaya," in ji Kaka. "Igiyar nan ba tsinkewa ta yi ba. Kwance ta aka yi. Akuya ba ta kwance ƙulli."

Yarinyar ta ji kamar ta juya ta gudu. Ta san in ta yi shiru ba wanda ya gan ta. Amma ta san innarta za ta je ta yi faɗa da mutanen da ba su yi komai ba.

"Kaka, ni ce," in ji ta. "Haske nike so ya shigo. Na ce zan ɗaure in na gama, sai na mance."

"Hasken mi?" in ji Inna.

"Na hoto."

"Hoton da babu shi? Akwatin da ba komai ciki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Inna ta ɗaga karan da ke hannunta, amma Kaka ta ce ta bari, duka ba ya mayar da iri. Sannan ta dubi jikarta.

"Uwata ba ta bar mini zinariya ba, ba ta bar mini gona ba," in ji Kaka. "Wannan ta bar mini. Na riƙe shi tun ina budurwa. Yau ya ƙare a hannuna."

Ta shige ɗakinta. Da Baffa Barmo ya dawo ya ji labari, ya tayar da zanar ya ɗaure. Ya karɓi akwatinsa ya saka a ƙasan adakarsa. Ya ce laifinsa ne shi ma, da ya koya mata neman haske bai koya mata duba abin da ke kusa da ita ba.

Washegari a lakol yarinyar ba ta ji ko ɗaya daga abin da ake koyarwa ba. Malaminsu, Mushe Sha'ibu, haka suke kiran malamin lakol, ya tambaye ta abu, ta tashi ta tsaya tana kallonsa. Da aka tashi sai ya ce ta dakata. Ta gaya masa duk abin da ya faru, tana kuka.

Mushe ya bari ta gama. Sannan ya tambaye ta ko ƙwanson ɗanye ne ko busasshe. Ta ce ya kusa bushewa, har yana ƙara in an girgiza.

"Busasshen ƙwanso fashewa yake in an taune shi ko an taka," in ji Mushe. "Akuya ba ta tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Kin duba ƙasan?"

"A'a, Mushe."

"To, kuka kin yi shi ya isa. Je ki duba tun kaji ba su riga ki ba."

Ta ruga gida. Kaji kuwa sun riga ta. Ta tarar da su a cikin garka sun bi ta ƙarƙashin zana, suna ta tono. Ta kore su, ta toshe ramin da duwatsu. Ta roƙi innarta tsohuwar rariya. Inna ta harare ta, amma ta ba ta.

Ta durƙusa ta fara tankaɗe ƙasa. Ta ɗebi rairayi da hannu, ta zuba a rariya, ta girgiza. Abin da ya rage a sama yawanci tsakuwa ce da kashin awaki. Can sai ta ga wata 'yar ƙwaya mai launin toka. Ta ɗauke ta, ta hure. Irin kuɓewa ne.

Haka ta yi ta yi kullum in ta dawo daga lakol, har ta bi garkar kaf. Gwiwoyinta suka yi kanta. Ƙawayenta suka zo kiranta wasa suka gaji suka daina. 'Yar Toka takan zo ta zauna a kan ƙasar da aka tankaɗe, don ta fi laushi. Abin da yarinyar ta samu duka bai cika tafin hannunta ba.

Ta kai wa Kaka. Kaka ta baza ƙwayoyin a faifai, ta daɗe tana dubawa.

"Na ja ne, Kaka?"

"Ban sani ba," in ji Kaka. "A ƙwaya, ja da kore duk kamarsu ɗaya. Sai sun tsiro ake ganewa. Wataƙila akwai, wataƙila duk kore ne."

Yarinyar ta ce to a shuka yanzu a gani. Kaka ta ce kuɓewa ba ta son sanyi, sai damina. Ta gauraya irin da toka don kada ƙwari su ci, ta zuba a wani ɗan gora, ta toshe bakin da tsumma. Ta miƙa wa yarinyar, ta ce mata ta ajiye, kuma ita za ta shuka da kanta.

Jiran ya yi mata tsawo. Ba wanda ya sake yi mata faɗa. Kaka tana amsa gaisuwarta, tana ba ta ragowar fura kamar da. Amma ta daina tsokanarta. Wannan ya fi duka zafi a wurin yarinyar. Kowace safiya takan leƙa ɗan goran, ta tabbata tsumman yana nan.

Sanyi ya wuce. Zafi ya zo ya yi kwanakinsa. Sannan hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar da aka yi ruwan shuka, kowa ya tafi gona, aka mayar da awaki turke. Yarinyar ta shiga garka da ɗan goranta. Ta haƙa ramuka, ta sa ƙwaya ɗai-ɗai, ta rufe da ƙafa yadda ta ga ana yi. Da ta gama ta zazzage tokar da ta rage a gefen zana.

Sai ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fes, ƙasa ta fara bushewa. Manya suna ta duban gabas. Yarinyar ba ta tsaya duban gabas ba. Ta ɗauki ƙaramin tulu tana bin innarta rijiya safe da yamma. Rijiyar tana da zurfi, hanyar kuma rairayi ce. Wuyanta ya yi ciwo. Inna ta ga haka, ta fara rage mata ruwan wanke hatsi tana ba ta don shukar.

Tsiro ya fito. Ba duka ba, amma ya fito. Yarinyar ta kwanta rub da ciki tana duba su. Wannan kore. Wancan ma kore. Ta bi su duka. Babu ja ko ɗaya.

Ta je ta gaya wa Kaka. Kaka ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da kaɗinta. Yarinyar ta koma bayan ɗaki ta zauna. Ba ta yi kuka ba a wannan karon, amma zuciyarta ta yi nauyi. Duk da haka ba ta daina ba su ruwa ba. Ta ce ko kore ne, ai na Kaka ne, kuma ita ta jawo aka rasa na bara.

Baffa Barmo yana kallon duk wannan. Wata safiya sai ya buɗe adaka, ya fito da akwatin, ya miƙa mata. Har yanzu fanko ne.

"Saura darasi guda," in ji shi. "Kina duban tsakiyar gilashi kaɗai. Mai hoto ba ya danna maɓalli sai ya duba kusurwa huɗu. Ki ga mi ke gefe, mi ke sama, mi ke ƙasa. Sannan ki ɗauka."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ta shiga garka, ta ja ƙofar ta ɗaure. 'Yar Toka tana zaune kusa da zana, tana lumshe ido. Yarinyar ta manna akwati a ciki. Ga kyanwa a tsakiya. Ta duba sama, zana ce. Ta duba dama, ba komai. Ta duba kusurwar ƙasa ta hagu.

Akwai wani ɗan tsiro a wurin, dab da wutsiyar kyanwa, inda ta zazzage toka. Ashe wata ƙwaya ta maƙale a cikin tokar. Ya makara wajen fitowa, kuma ƙarami ne.

Ta ajiye akwati a hankali. Ta ɗauke kyanwar ta sa ta a gefe. Ta duƙa. Ganyen kore ne, amma karan ja ne, har jijiyar ganyen ma ja.

Ba ta yi ihu ba. Ta je ta kama hannun Kaka, ta ce ta zo ta ga wani abu. Kaka ta zo tana dogara sanda. Ta duƙa da ƙyar. Ta daɗe a duƙe, tana taɓa ɗan karan da yatsa ɗaya.

"Ita ce," in ji Kaka. Ta share ido da bakin mayafi. "Ita ce, ɗiyar nan."

Tun daga ranar yarinyar ta zama mai gadi. Ta kewaye tsiron da ƙaya saboda kaji da kyanwa. Tana duba bayan ganye kowace safiya tana cire tsutsa. Ruwa ya dawo, kuɓewar ta miƙe har ta kai ƙirjinta. Ta yi fure, ta yi 'ya'ya jajaye. Ba wanda ya ce a tsinka don miya.

Da Baffa Barmo ya je Maraɗi sai ya dawo da fim. Ya saka a akwati, ya ce ita za ta ɗauka. Kaka da kanta ta ce in dai tare da kuɓewarta ne, ta yarda a saka ta a akwatin. Ta ɗaura zanenta na fita ta tsaya a garka da la'asar. Inuwar zana ta rufe ta.

Yarinyar ta leƙa gilashi, ta ɗago kai. Ta ce hasken bai yi ba, a bari sai gobe da hantsi. Kaka ta ce wato ita za a sa ta ɗaura zane sau biyu saboda Mai Akwatin Banza. Yarinyar ta yi dariya har da hawaye, don ta daɗe ba ta ji sunan nan ba.

Da hantsi aka ɗauka. Hoton ya fito bayan an kai fim ɗin Maraɗi. Kaka ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura, kuma ba a ganin jan kuɓewar, don hoton fari da baƙi ne. 'Yar Toka ta motsa, rabinta kawai ya fito. Duk da haka Kaka ta sa aka rataye mata shi a ɗaki.

Bayan girbi ƙwanson ya bushe. Kaka ta kira jikarta, ta ce mata ta cire da hannunta. Suka zauna a tabarma suka fasa. Irin ya zubo a faifai, ya fi abin da suka zata yawa. Kaka ta raba shi. Ta ware na shukar baɗi. Ta ware na maƙwabta, don kada ya sake zama a gida ɗaya kaɗai. Sauran kuma ta ƙulle a wani ɗan ƙyalle.

"Kawo bakin zanenki," in ji Kaka.

Yarinyar ta miƙa. Kaka ta ɗaure mata ƙullin a jiki da kanta.

"Wannan naki ne. Ni na tsufa. In na tafi, a hannunki za a neme shi."

"Kaka, ni da na kusa ƙarar da shi?"

"Ke da kika durƙusa kika tsince shi daga ƙasa," in ji Kaka.

Yarinyar ta riƙe ƙullin da hannu biyu. Daga ranar ta san cewa in mutum yana neman abin da yake so, dole ya duba abin da ke gefensa, kada ya ɓata na wani. In kuma ya riga ya ɓata, sai ya faɗi gaskiya, ya tsaya ya gyara da hannunsa, ko da gyaran zai daɗe.